Mayar da Baƙuwa Gida

Da ni yake, ko da itacen? Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana. Na je ƙarshen duniya na dawo a kan wannan tambaya, kuma har yau ban san amsarta ba.

Tun da na dawo Gubaira, unguwarmu a Riyad, mata ba su bar ni na huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini barka da sauka sai ta ce, "Inna, yaya ƙasar Jawa? Da gaske ne shinkafa suke karya kumallo da ita?" Na gaji da maimaitawa, kuma duk sanda na kai tsakiya hawaye ke yanke mini zance. Shi ya sa na roƙi maƙwabciyata Bilkisu, matar wani ɗalibi Bazazzagi, ta zauna da biro. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Abin da na faɗa shi take rubutawa.

Ni mutuniyar Tasawa ce, ta ƙasar Maraɗi. Malam, maigidana, ya riga ni zuwa Riyad da shekara shida, yana aiki a mashtal, wato gidan renon tsirrai. Ran da na iso na tsaya a ƙofar ɗaki da ƙunshin kayana, na rasa inda zan ajiye, sai ya ce, "Sannu da zuwa, Baƙuwa." Shekara talatin da huɗu bai ƙara kirana da wani suna ba.

A mashtal yana da aboki, Haji Dauda, mutumin Indunisiya. Wata shekara Dauda ya dawo daga hutu da 'ya'yan itace jajaye guda bakwai, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ya ce na wata bishiya ne da ke kan dutsen garinsu, inda gajimare ke kwana a ƙasa, ba za ta taɓa rayuwa a Riyad ba. Wannan maganar ce ta sa Malam ya karɓa. Shida suka ruɓe, ɗaya ya tsiro a cikin gwangwanin fenti. Ya shigo da shi ɗakinmu ya ce, "Ga wata Baƙuwar ta zo."

Shekara tara tana kusurwar ɗaki kusa da taga. Mu muna shan ruwan tanki, ita ruwan gora, don ya ce na famfo yana da gishiri. Ganyen shayin da ya gama sha a gindinta yake juyewa. Bayan kowace salla, idan yana gida, ya ɗauki kwalbar feshi ya yi mata raɓa. Idan ba ya nan, aikina ne. Da zafi ya rataya jiƙaƙƙen buhu a taga. Idan ya shigo ya ce, "Baƙuwa ta sha ruwa?" na ce, "Wacce?" sai ya ce, "Wadda ba ta mayar da magana." Tsawonta bai wuce ƙuguna ba, kuma ba ta taɓa yin fure ba.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi a asibiti, can Shumaisi. Maganarsa ta ƙarshe wasiyya ce, a kan a mayar da Baƙuwa gida. Ni kaɗai na ji. Ban tambaye shi wacce ba, don na ɗauka da sauran lokaci.

Cikin takaba na riƙe kwalbar feshin yadda ya riƙe, amma ganye ya soma yin rawaya yana zuba. Ana nan Dauda, wanda ya riga ya bar aiki ya koma garinsu, ya kira ya yi mana ta'aziyya. Ya yi kuka har matarsa ta karɓi wayar. Da ya dawo kan wayar ya ce akwai labari: mutanen jami'a sun hau dutsensu, sun ɗebi ganye da fure, an daɗe ana dubawa, yanzu an ce wannan bishiyar ba ta cikin littafin kowa. Sabon iri ce a dangin da ake kira magnoliya, bana aka gano ta. Na dubi kusurwar ɗaki. Shekara tara ina share ganyenta, ashe ba a gano ta ba.

Na gaya wa ɗana Sani, wanda nake zaune a kan iƙamarsa, wato takardarsa ta izinin zama. A nan aka haife shi, tasi yake ja, Larabcinsa ya fi Hausarsa, ko Inna ba ya cewa sai Yumma.

Ya ce, "Yumma, itace ne fa. Itace! Mu mayar wa mai mashtal, halas, shi ke nan."

Na ce, "Ubanka bai ce mashtal ba. Gida ya ce."

Ya san mu biyu ne masu sunan, ni ma na sani. Bai ɗauko zancen ba, ban ɗauko ba. Kai itace ƙasar Jawa ya fi mana sauƙi a kan buɗe wancan bakin.

Mai mashtal, Allah ya saka masa, shi ya nemo mana takardar lafiyar tsiro. Sani ya yi ta zirga-zirgar biza. Muka zare ta daga gwangwanin da ƙasarta, muka ɗaure a leda, muka kwantar a dogon kwali da jiƙaƙƙun tawul. A filin jirgi na ga bel ɗin kaya ya tafi da kwalin ya shige da shi wani rami. Tun ranar jana'iza ban ji irin abin da na ji a ƙirjina ba.

Jirgin cike yake da matan Indunisiya masu aikin gida da suka gama kwantiragi. Wadda ke kusa da ni tana jin Larabcin kicin irin nawa, muka yi ta hira. Shekara bakwai ba ta ga 'yarta ba, ta ce ta bar ta tana rarrafe. Ta tambaye ni, "Ke ma gida za ki, Mama?" Na ce a'a, rakiya na yi.

A Jakarta aka ware mu gefe saboda kwalin. Wata ma'aikaciya matashiya mai hijabi ta zo, ta kama hannuna ta kai goshinta. Na fizge, na ɗauka so take in ji ko tana da zazzaɓi. Sani ya ce, "Yumma, gaisuwa ce!" Haka suke gai da manya: yaro ya kama hannun babba ya taɓa goshinsa da shi. Mu durƙusawa muke, su hannu suke ɗauka. Kafin in bar ƙasar hannuna ya san goshin mutum ya fi ɗari.

Ta karanta takardarmu ta ce itacen zai iya shiga bayan an duba shi kwana biyu, amma ƙasar da ke jikin saiwarsa ba za ta shiga ba. Doka ce, don kada a shigo musu da cuta. Za a wanke saiwar, a ƙona ƙasar.

Na zauna a kan tayil. Ban yi ihu ba, zama kawai na yi. Na ce wa Sani ya gaya mata ƙasar nan Malam da hannunsa ya haɗa ta, shayinsa na shekara tara yana ciki. Ya faɗa da Turanci, ta ce ta ji, amma ba yadda za ta yi. Ta ce in ina so in tsaya a wanke a gabana. Na tsaya. A hankali ta yi, da ruwa mai ɗumi, kamar mai wankan jariri. Sanda ta juya ɗauko tawul na damƙi ƙasar cikin tafin hannu na ƙulle a bakin mayafina. Ban sani ba ko ta gani. Bilkisu, rubuta, ai ya wuce.

Masaukinmu ƙaramin otal ne kusa da filin jirgi. Banɗakin kullum a jiƙe yake, da kwatarniyar siminti cike da ruwa da moɗar roba, kamar dai gida. Na wanke zanena na shanya, kwana biyu bai bushe ba. A Riyad kafin ka gama shanya na ƙarshe na farko ya bushe. Da azahar na ji ana dukan wata ƙatuwar ganga, na ce wa Sani biki ake a unguwar. Ashe daga masallaci ne: sai an buga ganga sannan ladan ya kira. Na ce a Tasawa da an kori limamin. Matansu kuma kowace tana da farar rigar salla a jaka, ta zura tun daga kai har ƙafa, ta idar ta naɗe. Wannan kam na yaba, har na sayo biyu.

Ran na uku aka ba mu ita, saiwarta a naɗe da wani abu kamar auduga, ganye biyar ya rage mata. Muka ƙara hawa jirgi zuwa Padang, a tsibirin Sumatara. Dauda yana jiranmu da matarsa Siti Amina. Ya tsufa, haƙoran gaba sun tafi. Na ce, "Ɗan Jawa, kai ne haka?"

Ya ce, "Hajiya, shekara goma sha biyu ina gaya wa mijinki ni ba Bajawe ba ne, Baminange ne, ƙabilarmu daban. Ya tafi bai koya ba, ke ma kin zo da shi."

Na ce, "Ku ma duk Takari kuke ce mana."

Ya ce, "To, an yi canjaras."

Suka kai mu gidan abinci. Muna zama aka soma jera ƙananan faranti, wani a kan wani, sun kai ashirin: nama baƙi da ya sha kwakwa, kifi, ƙwai cikin barkono, ganyen rogo, ƙwaƙwalwar saniya. Ni a tarbiyyata ba a kawo maka abinci ka mayar ba ka taɓa ba, raini ne. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗanɗanawa, barkono yana fitar mini da hawaye. Amina ta rufe baki da gyale tana dariya. Ashe a can wanda ka taɓa shi ne naka, wanda ba ka taɓa ba a mayar wa wani. Na taɓa duka. Dauda ya hana Sani sa hannu a aljihu, ya ce, "Bar ta, yau gidan nan sun ga baƙuwar kirki." Sauran aka ƙulle mana a ganyen ayaba, muka ci har washegari.

Hanyar dutsen ba ta san miƙewa ba. Awa biyar mota tana murɗawa, na yi amai sau biyu, kwalin yana kan cinyata. Gidajensu na gargajiya rufinsu ya tashi sama kamar ƙahon sa. Da muka isa na ce wa Dauda gidansa ya yi kyau. Ya ce ba nasa ba ne.

"Na wa ne?"

"Na Amina. Ta gada wurin uwarta, 'yarmu za ta gada wurinta. Gonar ma haka. A nan namiji ne ke tarewa gidan mace. Ni baƙo ne, Hajiya. In na yi rashin kunya za ta ajiye mini takalmina a waje."

Dauda ya fassara mata, Amina ta ce, "Sau biyu na ajiye."

Na yi ta juya wannan a raina. Mu mace ce ke barin gidansu, ta bi miji duk inda abinci ya kai shi, in ya mutu ta duba ta ga ko ƙasar da take takawa da takarda take takawa.

Washegari wata malamar jami'a ta zo, Doktora suke ce mata, 'yar siririya da takalmin roba har gwiwa. Ta buɗe kwalin, ta juya ganye ta duba bayansa da gilashi, ta nuna mini wani gashi-gashi launin ƙasa. Ta ce da wannan da kuma yadda furen yake aka bambanta ta da sauran danginta. Ta ce ita ce. Ta tambayi yadda aka yi ta rayu shekara tara a hamada. Na faɗa mata ruwan gora, da shayi, da buhu, da feshi sau biyar. Sani yana fassarawa tana rubutawa. Ta ce me ya sa sau biyar? Na ce don salla biyar ce. Da shida ce da shida zai yi.

Ta ce ba su da yawa a dajin, ana iya ƙirga manyan da yatsu, kuma gonakin kofi suna hawowa. Na ce ina son in ga uwar bishiyar. Suka dubi gwiwoyina. Na ce su daina dubawa.

'Yar Dauda ta goya ni a babur har inda hanya ta ƙare, ina zaune a karkace na rungume ta ina salati. Daga nan ƙafa da sanda. Dajin duhu ne da rana tsaka, kowane icce ya sa rigar gansakuka, ruwa yana ɗiga ba tare da an yi ruwa ba. Gajimare ya zo ya ratsa mu, ya jiƙa mini fuska. Na ce a raina, ashe wannan Malam yake kwaikwayo da kwalbarsa. Matsattsaku biyu suka kama ni a ƙauri, ban ji ba sai da na ga jini a safa. Amina ta goga musu taba suka faɗi.

Uwar tana bakin wani kwari. Mutum biyu ba za su rungume ta ba, kanta ya shige cikin farin sama. Furanninta sun zubo a ƙasa, farare, kowane kamar ƙaramin ludayi, kaurin ganyen furen kamar kunnen ɗan akuya. Ƙamshin tsakanin lemo ne da turaren wuta. Na ɗauki ɗaya, da ƙananan ƙwari a cikinsa. Na zauna a kan saiwa na yi kuka yadda ban yi ba a Riyad, don a can ɗakinmu ɗaya ne da falo, kuma bango ba kauri. Malam ya shayar da abin nan shekara tara bai taɓa ganin furensa ba.

Dauda ya tsuguna nesa kaɗan. Da na natsa ya ce, "Hajiya, in tambaye ki. Me ya sa kika sha wannan wahala? Ni ban ce a dawo da ita ba."

Na ce, "Wasiyya ce. Ya ce a mayar da Baƙuwa gida."

Ya ɗago kai. "Baƙuwa? Ba sunanki ke nan ba?"

"Sunan itacen ma ke nan."

Ya ce, "Wallahi ban sani ba. A mashtal shajara, wato itace, kawai yake ce mata. In ya ce Baƙuwa, ke ce. Baƙuwa ta yi mini fura, Baƙuwa ba ta da lafiya. Ni na ɗauka sunan yanka ne." Ya ƙara da cewa, "Kullum yana cewa in ya bar aiki zai kai ki ki ga 'yar'uwarki. Kowace shekara sai ya ce baɗi."

Sani ya ce wa Dauda, "Ammu, a gida yana kiran itacen haka. Ni shaida ne." Da ƙarfi ya faɗa, har Doktora ta waiwayo. Daga nan muka sauko.

Doktora ta ce ba za a dasa ta cikin daji ba tukuna, ta sha iskar wata ƙasa, sai an ga lafiyarta. Amina ta ce a sa ta a bayan gidanta inda hazon safe ke sauka, tunda mace ce, a nan ba za a ce mata baƙuwa ba. Sani ya haƙa ramin. Na kwance bakin mayafina zan zuba ƙasar Malam, ya riƙe mini hannu.

"Yumma, haram. Matar filin jirgin nan ta yarda da mu."

Gaskiyarsa ne. Na mayar na ƙulle. Doktora ta kafa ɗan allo ta rubuta dogon sunan da suka raɗa mata, wanda ba na iya faɗa, ta tambaye ni ko a ƙara wani abu. Na ce ta sa Baƙuwa. Ta sa Sani ya rubuta mata a tafin hannu ta kwafa.

Kwana shida muka yi. Ran da za mu taho Amina ta cika mini jaka da kofi da busasshen nama, ta kama hannuna ta kai goshinta duk da ba ta fi ni ƙuruciya da yawa ba. A jirgi Sani bai yi barci ba. Muna gab da sauka ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yumma, mun cika wasiyya, ko?" Na ce mun kai itace.

Makon jiya Dauda ya aiko hoto: ta yi sabon ganye biyu, jajaye-jajaye. Ƙanwata Hadiza kuma ta kira daga Tasawa, ta ce ɗakin innarmu yana nan, rufi kawai yake so. Shekara goma sha tara rabona da ita. Sani ya ji muna magana ya fita, ya dawo da gasasshiyar kaza da ba wanda ya ce ya sayo. Ya ce, "Gidanki nan ne. Baba yana nan." Wannan ma gaskiya ne. A Riyad aka binne shi, kabarin ba suna, amma Sani ya san layin. In na tafi ba mai ba ni bizar dawowa in zauna, in na zauna ban san ko na saɓa masa ba.

Gwangwanin fentin yana kusurwarsa. Na juye 'yar ƙasar da ta je ta dawo a ciki, ko gindinsa ba ta rufe ba. Wani lokaci in na sallame salla sai in ga hannuna ya kai kan kwalbar feshi.

Bilkisu ta ce in faɗi maganar yadda Malam ya faɗe ta, kada in gyara. Bayan la'asar ne. Na ɗaga masa kai na ba shi ruwa a murfin gora, ya sha kaɗan. Tagar ɗakin tana bayana, don haka ban sani ba ko ni yake kallo ko waje. Ya ce:

"Baƙuwa ta daɗe a ƙasar mutane. A mayar da ita gida tun da sauran ƙarfinta."